Ƙwan Lantarkin Ƙofar Malam Babaji

Malam Babaji na Ƙofar Kaura ya ƙarar da ƙarfinsa yana masinja a wani ofis a GRA. Aikinsa na ƙarshe kullum shi ne bin ɗakuna bayan an tashi, yana kashe fanka da fitilun da manya suka bari a kunne. Shi ya yi ritaya, hannunsa bai yi ba. Ko ta'aziyya ya je, idonsa na kan makunni.

Ga shi da ciwon fuka. Bara da bazara taransifomar unguwa ta ƙone, janareto suka yi ta aman hayaƙi, shi kuwa ya ƙarasa azumi a gadon asibiti. Shi ya sa da ƙungiyar unguwa ta zauna kan zafin nan da ke ƙaruwa kowace shekara, aka nemi mai bin gida-gida don a rage ɓarnar wuta, kafin a rufe baki ya miƙe.

Abin da ke ƙona masa rai tsohuwar ɗabi'a ce. In aka ɗauke wuta, ba mai kashe komai. Firiza, dutsen guga, injin jan ruwa, ƙwan ƙofar gida, duk a kunne suke jira. Ana kawowa su haye wa taransifoma gaba ɗaya.

Ya fara da Hajiya Delu mai sayar da ƙanƙara.

"Hajiya, rana tsaka ƙwai na ci a ƙofarki. Mi yake haskawa? Ranar?"

"Haba Malam, ina wuni dai tukuna."

"Lahiya lau. Kashe shi."

"In na kashe, wa zai gaya mini an kawo? Kai?"

"Ke dai kashe!"

Sagiru tela kuwa, wanda shagonsa ke jikin katangar Babaji, da ya hango shi sai ya ɗaga hannu: "Ranka ya daɗe, kwamishinan makunni!"

Haka ya yi ta fama, yana bi yana mita, har liman ya sa baki bayan sallah. Aka bi. Da an ɗauke wuta, kowa ya kashe komai.

Wata Alhamis, wuta ta daɗe ba ta leƙo ba, Babaji na zaune a zaure, janareton Sagiru na ta ruri, hayaƙin na shigo masa, ƙirjinsa har kuka yake. Bayan la'asar Audu ɗan acaba ya sauke fasinja a bakin layi, ya tsaya yana kallon Babaji da Sagiru.

"Ku kau lahiya kuke ƙona mai? Tun hantsi aka kawo wuta. Layin wutarmu ɗaya da ku hwa!"

Babaji ya miƙa hannu ya danna makunni. Fanka ta juya abinta.

Kafin ya gama tari sai ga Hajiya Delu da ledar ƙanƙara, ruwa tsululu. "Ga aikinka, Malam! Ka kashe mana ido duka, wuni guda wuta na nan muna zaune kamar baƙi!"

"Ni na ce ku kashe kaya, ban ce ku kashe hankalinku ba!"

"To da mi za mu gani?"



Washegari ƙungiya ta yanke: komai ya zauna a kashe, amma a bar ƙwai ɗaya tak a kunne dare da rana, ya zama alama ga kowa. In ya kawo haske, a kunna kaya a hankali. Aka ce ƙofar wa ake gani daga kowane lungu? Sagiru ya nuna ta Malam Babaji, yana danne dariya.

Bazarar bana ta wuce taransifoma ba ta ƙone ba. Ƙwan na kamawa janareto ke yin shiru, ƙirjin Babaji ya samu sauƙi. Sai dai ya juya tabarmarsa, yanzu baya yake ba ƙofar. Kuma kullum ba a rasa mai wucewa da zai rage murya cikin ladabi:

"Malam, ka manta ƙwanka a kunne."

"Wuce, don Allah. Wuce!"