Rumbu Mai Taya

Ni ba mai sayen abin da ban sani ba ne, amma shekarar nan na saya. Wani dillalin motoci a Kaura Namoda ya nuna mini wata 'yar tirela da ta shigo cikin kayan gwanjo, akwati ce kawai a kan taya biyu. Ya juya wani hannu na ƙarfe a gefenta, sai rufin ya ɗaga sama, tamfol ya miƙe, gadaje biyu suka fito hagu da dama. Ɗaki guda ya tsaya a gabana. Nan take na tuna da Baba.

Shekara biyu ke nan mahaifina yana zaune a gidana. 'Yan bindiga ne suka tashe mu daga ƙauyenmu na ƙasar Zurmi, aka kwashe kwanon rufin gidan, gini ya zube. Da hanya ta ɗan lafa, mutane suka fara komawa noma, shi ma ya ƙudura sai ya yi damina a gonarsa. Wurin kwana ne babu. Na ce to ga ɗaki, in ja masa shi da mota har bakin gona, in abu ya ɓaci a naɗe a gudo.

Abu ɗaya Baba ya fito da shi daga ƙauye bayan tufafin jikinsa: ɗan damin gero na iri. Geron gidanmu ne tun kakansa, gajere, mai saurin nuna, wanda ake zaɓar zangarniyarsa tun a tsaye kafin girbi. Bai yarda an sussuke shi ba. Ya rataye shi a ɗakinsa, kullum yana faɗa da ɓeraye, kuma duk yunwar da aka yi a gidan ba wanda ya isa ya kalli wajen.

Da na jawo tirelar gida, unguwa ta taru. Maƙwabcina ya zagaya ta sau biyu ya ce, "Malam, wagga keken napep ce ta yi ciki, ko mi?" Na yi dariyar da ba ta kai zuci ba. Baba ya matso kusa. Ya duƙa ya leƙa ƙasanta, ya ƙwanƙwasa bangon, ya ce, "Ɓera ba ya hawa nan." Na ɗauka yabo ne.

Sati biyu na yi ina fama da ita. Tayoyin sun tsattsage, na kai wa mai faci ya samo mini wasu. Mai walda ya ƙera mini maɗauri a bayan mota, sau uku muna komawa kafin ya zauna daidai. Na shafe hannun juyawar da giris, na ɗinke ragar sauro da ta yage, na fitar da katifun na shanya. Ba wanda zan tambaya, don duk garin ba mai irinta, takardar da ta zo da ita kuma da wani yare aka rubuta. Ina da zafin kai, in na fara abu ba na son a sa mini baki, ba na kuma son in yi bayani.

Saura tamfol, wanda yake warin ajiya. Wata ranar Talata na samo bokiti da sabulu da buroshi na wanke shi ciki da waje. Ban gama ɗauraya ba sai iskar gabas ta taso, irin wadda ke zuwa kafin ruwan fari, ta fara jijjiga rufin. Na ji tsoron kada ta karya sandunan, na yi maza na juya hannun, komai ya naɗe ya koma cikin akwati yana ɗigar ruwa. Na ce gobe na buɗe ya sha rana.

Goben ba ta samu ba. Aikina duba dabbobi ne, da asuba aka kira ni cewa ciwo ya shiga shanu a rugagen wajen Katuru. Na ɗauki jakata na hau babur, ina tsammanin kwana biyu. Daga wannan ruga sai a ce ga waccan, har muka dangana da Shinkafi. Kwana tara na yi. Tirelar ta faɗo mini a rai sau ɗaya, na ce ai tamfol ne, ba ya mutuwa.

Da na dawo na tarar da ita ta canza kama. Duk inda rufi ya haɗu da akwati an bi shi da laka, an shafe sumul, har ƙaramar ƙofar gefe da ramukan shan iska. Aikin hannun Baba ne, yadda yake liƙe bakin rumbu bayan kaka. Yana zaune a inuwa yana jirana, fuskarsa a sake.

"Na sa irin ciki," ya ce. "Tun randa kat tahi. Ɓerayen ɗakin ga sun ishe ni. Yanzu ko iska ba ta shiga."

Na tuna a jiƙe na naɗe tamfol ɗin. Na ɗauko wuƙa na fara ɓamɓare lakar. Yana ta tambayata, "Kai, mi kaka yi? Ruwa ba su sauka ba tukuna." Na juya hannun, rufin ya ɗaga, wani zafi mai wari ya bugi fuskokinmu. Kwana tara jiƙaƙƙen tamfol yana dahuwa a rufe cikin zafin bazara. Ya yi baƙi da hunhuna. Damin yana ƙasa, ruwan da ya tsiyaya ya taru a ƙarƙashinsa. Rabin zangarnun sun yi furfurar hunhuna, sauran sun tsiro sun ruɓe a wurin.

Baba ya durƙusa ya ɗauki guda, ta narke a hannunsa.

"Ruwa daga ina?" ya ce.

"Ni na wanke shi, Baba. Ban bari ya bushe ba."

"Ba ka hwaɗi ba."

"Kai ma ba ka ce za ka sa ba."

Har yau ina jin kunyar wannan amsa. Bai taɓa jin na mayar masa da magana ba, kuma na zaɓi wannan ranar. Ya dube ni, ya mayar da kai ga damin.

Ya yini yana tsince waɗanda suka fi dama, ya samu abin da bai cika tafin hannu biyu ba. Ya zuba kaɗan a jiƙaƙƙen tsumma ya ajiye bayan randa, kamar yadda ake gwada iri. Kowace safiya sai ya buɗe. Ni kuma na koma kan tamfol da ruwan zafi da gishiri, ina gogewa kamar hakan zai gyara wani abu. Ya bushe, ya yi kyau, tabon ne kawai bai fita ba. A kwana na biyar, ko ƙwaya ɗaya ba ta tsiro ba, Baba ya kakkaɓe tsumman a gaban kaji.

Ruwan fari ya sauka ranar wata Lahadi. Washegari Baba ya sa babbar rigarsa ya ce in kai shi kasuwar hatsi. Mutumin da ya haura saba'in bai taɓa sayen irin shuka ba, shi ake zuwa roƙo. Muka tsaya gaban wani mai awo da ya san shi tun a ƙauye. Mai awon ya tashi da sauri ya gaishe shi, ya buɗe buhuna uku, ya fara lissafa masa: wannan na wajen Ɗan Isa ne, wannan daga Nijar ya zo, wannan na gwamnati ne.

"Wanne za a auna maka, Baba?"

Baba bai sa hannu a ko ɗaya ba. Yana kallon wani wuri can bayan rumfunan.

"Kowanne," ya ce.