Hannu a Ƙarƙashin Ciyawa

Jiya na bi ta wajen masu citta a kasuwar Kafanchan, ƙamshin ya daki hancina, sai ga ni a gindin mangwaron kakata a Fadan Kaje.

In an gama haƙar citta, takan ware iri, ta tara a inuwa, ta lulluɓe da busasshiyar ciyawa. Shi ke nan har ruwan fari. Ni kuwa tun ina ƙarama ba na iya zama. In zagaya tarin nan, in tsuguna, in kasa kunne. Shiru. Kaji ma sun fi ni haƙuri.

"Kaka, ba su mutu ba kuwa?"

"Barci suke. Kar ki tashe su, sarkin rawar kai."

"To yaya ake gane mai barci da matacce?"

Sai ta kama hannuna ta cusa ta gefe, can ƙarƙashin ciyawar. Sanyi na ji, kamar gindin randa. Ta ce in da sanyi, a bar su. In kuwa aka ji ɗumi, ruɓa ta shiga, ranar ake yayewa su sha iska, ba a jiran damina.

Abin da ya sa nake ba ku labarin nan, ɗana ne. Ya gama jami'a, ya yi bautar ƙasa, ya nemi aiki har takalminsa ya cinye. Tun bayan Kirsimeti yana ɗaki. Ba majami'a, ba abokai, ko ƙwallon da yake mutuwar so ba ya leƙawa. In na yi magana sai ya ce, "Mama, ki kwantar da hankalinki. Masu rubuta littattafai ma suna da kalma a kan haka, abu ya yi luf amma da ransa. Da ita suke kwatanta ƙasa kafin ruwa ya sauka." Har ya faɗa mini ita da Turanci, ta wuce ta bayan kunnena.

Kalmar ta yi masa daɗi. Ni dai na kasa zama. In share tsakar gida, in sake sharewa, in tsaya a ƙofarsa ina kasa kunne. Matan zumunta na majami'armu suna cewa a bar shi, lokacin Allah ne. Wataƙila. Amma yanzu kowa daga nesa yake duban tari, ba mai sa hannu.

Da na dawo daga kasuwar, ban ƙwanƙwasa ba. Na shiga na zauna a bakin katifarsa, na ɗora hannu a bayansa. Can sai na ji kafaɗarsa tana rawa.

"Mama, na gaji," ya ce.

Na tashi na yaye labule, na buɗe tagar gaba ɗaya.