Ɗorawar Bakin Rafi

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron in rubuta abin da zai ɓata wa wani rai. Amma da na ji a rediyo ƙasashe biyu suna jayayya kan fadamar bakin kogi, sai na kasa yin shiru, domin irin maganar nan ta iso ƙofata.

Ƙauyenmu yana can bayan Manchok. Rafi ne ya raba mu da ƙauyen su mahaifiyata, kuma rafin nan ba ya zama wuri ɗaya. In damina ta yi ƙarfi, sai ya zaftare gefen wannan ya ƙara wa wancan. Kakanninmu ba su kafa dutsen iyaka ba. Wanda ruwa ya ƙara wa ƙasa, shi zai dafa gwaten acca bayan girbi, ya dama kunu, ya kira waɗanda suka rasa, a ci a gindin wata babbar ɗorawa. Har yau ina ganin kawuna yana tsallakowa da wando a naɗe, yana yi wa babana ihu: "Suruki, bana ka ci gonata, sai ka cika tukunya!" Baba ya ce, "Kai da ka ci tawa bara, ba ruwa zalla ka ba mu ba?"

Yanzu ɗorawar ta faɗi, ko kututture babu. Citta ta yi daraja, matasan gefe biyu sun fara tumɓuke wa juna shuka. Dattawa sun yarda gurbin ɗorawar ya zama iyaka, suka aiko mini nan Kafanchan in je in nuna, wai ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka ci abinci a inuwarta. Littafi Mai Tsarki za a ba ni in riƙe.

In na rufe ido, wani lokaci ina ganin ta kafin in shiga ruwa, wani lokaci sai na haye. A gidajen biyu na yi ƙuruciya, ban san daga wane gefe nake tahowa ba. Wataƙila ma rafin ne ya zagaye ta. In na kuskure, ko jikokin kawuna ko 'ya'yan ƙanena za su rasa gona a bakina.

Don Allah, duk wanda ya taɓa cin gwate a wurin, ko ya ji daga bakin tsohuwarsa, ya aiko wa dattawan ekklisiyarmu kafin sharar gonar bana. Ko bai tuna gefen ba, ya faɗa mini su wa suka yi dahuwar ƙarshe, ko na gane gefen da ruwa ya ƙara wa ƙasa.