Ruwan Rijiyarmu a Kwalbar Gwaji

Shekarun baya kaɗan, ina ajin ƙarshe a jami'a a Gusau, na yi wata wauta da har yau in na tuna sai in ji kunya.

Aikin kammala karatuna a kan wani sinadari ne da ake kira feftayid, wato ƙananan guntayen furotin. In ka narkar da su a ruwa ka bar su, da kansu suke jeruwa su kama juna har ruwan ya yi kauri kamar kamu. In ka ja labule ka haska musu irin fitilar da ake duba jabun kuɗi da ita, sai su ɗauki wani shuɗin haske mai kyau. Amma da an ɗiga musu ruwan da ƙarfe ya narke a ciki, hasken zai dushe. Ni kuwa tun da na ga haka kaina ya kumbura, na fara jin ni ne zan raba Zamfara da gubar dalma.

Mahaifiyata a Karakkai take, koko take sayarwa, kuma da ruwan rijiyar gidanmu take damawa. Na kira ta na ce ta aiko mini da ruwan rijiyar in gwada. Washegari direba ya miƙo mini gora a tasha. Malamar da ke duba aikina ta yi tafiya, ni kuma ban iya haƙuri ba. Na ɗiga ruwan, na kunna fitila. Ina kallo hasken ya mutu murus.

Ban sake gwadawa ba. Ranar Juma'a na hau mota sai gida, kuma bayan an sauko masallaci na tsaya a majalisar ƙofar gidanmu na ce rijiyarmu akwai guba, da idona na gani. Har da ɗaga gorar sama, kamar wani babban likita.

Da na shiga gida Inna ta dube ni ta ce, "Wanga ruwa da munka sha tun kakanninka, yau shi ne guba?"

"Inna, ilimi ne. Ba za ki gane ba."

Kalmar da na faɗa ke nan, Allah ya yafe mini. Kafin sati ya zagayo, ko mutum ɗaya ba ya aiko da kwano gidanmu. Duk wanda ɗansa ya taɓa ciwon ciki sai ya tuna kokon Inna ya sha.

Da malamata ta dawo na ba ta labari ina jiran yabo. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Sau nawa ka gwada? Da me aka ɗebo ruwan?" Na ce sau ɗaya, kuma ban san da me aka ɗebo ba. Ta tuna mini abin da ni da kaina na rubuta a babi na biyu: ba dalma kaɗai ke kashe hasken ba, tagulla ma tana kashe shi, har ta fi saurin yi. Ta ba ni kwalabe masu tsabta ta ce in je in ɗebo da hannuna. Na ɗebo, muka gwada sau uku, haske bai ko girgiza ba. Ta aika sauran wani babban ɗakin gwaji, sakamako ya dawo ruwa lafiya lau.

Na koma na tambayi Inna yadda ta ɗebo na farko. Ta ce ai ruwan da za a kai jami'a ba a zuba shi a bokitin roba. Tasar tagulla ta kayan aurenta ta sauko da ita, ta goge ta da tsamiya da toka har tana ƙyalli, ta zuba ruwan ya kwana a ciki ya kwanta, sannan ta juye a gora. Girmama ni ta yi.

Na koma majalisar nan na warware maganata, na bi gida-gida da takardar sakamako. Aka yi ta cewa madalla. Amma ina juya baya na ji wani dattijo yana cewa, "Yaro ya kyauta, ya ruhwa ma uwa tai asiri." Kwanukan ba su dawo ba sai ɗaiɗai. Kafin damina Inna ta kife tukunyar kokon da ta yi shekara da shekaru tana ciyar da mu da ita.

Yanzu ni ma ina koyarwa, kuma ɗalibaina suna cewa na cika naci, komai sai an maimaita sau uku kafin a buɗe baki. Ba su san dalili ba. Da Inna ta zage ni a lokacin, ina jin da tuni na warke. Amma ranar da na durƙusa zan ba ta haƙuri, ita ta riga ni magana, idonta a ƙasa.

"Ka yahe mani, ɗana. Ni na ɓata maka aikin makaranta."