Kofin da Babu a Sahuda

Ko gari bai waye ba muka bar Yola, ni da kawuna, a wata tsohuwar mota da direba ya cusa mu huɗu a baya. Mubi muka nufa, neman wani dattijo da ya yi tashe a wasan golf, wannan na buga 'yar farar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami. Ni son sani ya kai ni. Kawu kuwa magana ce ke cinsa. Yana saurayi ya ga mutumin ya faɗi a babbar gasa a Kaduna bayan kowa ya gama ba shi nasara, kuma tun ranar yake gaya wa duk mai saurare cewa sayar da wasan ya yi. Yanzu da girma ya kama shi, yana tsoron ko ƙazafi ya yi ta yi wa bawan Allah.

A Gombi muka karya da ƙosai da kunun gyaɗa. Ƙosan ya ƙanƙance, kuɗinsa ya yi ƙiba. Daga Hong duwatsu suka yi ta raka mu, ramukan hanya suna ta gaisawa da ƙugunmu.

A tashar Mubi muka faɗi sunansa, ba wanda ya gane. Da na kwatanta bugun sanda, wani mai mashin ya tuntsire da dariya, ya ce ai Baba Golf ke nan na Sahuda, ya kwashe mu.

Mun same shi yana gyara kunyar masara, dogo, idonsa ya fara hazo. Matarsa, Mama, ta kawo tuwon dawa da miyar yakuwa, shi kuma ya fito da kofunan da ya ci a gasa. Ya ce da ɗaukar wa 'yan wasa jakar sanduna ya fara a Jos, yana satar koyo da ido, har ya zama gwani. Wannan kofin na Jos ne, wancan na Legas, biyu na Kano. Ɗaya ma kanwa Mama ke zubawa a ciki. Na yi ta tambaya kamar ɗan jarida, kawu ko loma ya kasa kaiwa baki.

Can kawu ya yi ta maza. "Baba, ina wurin a Kaduna. Shekara da shekaru ina cewa sayarwa ka yi."

Dattijon bai ɓata rai ba. Ya ce a ramin kusa da na ƙarshe ƙwallonsa ta shiga ciyawa, yana kawar da wani kara sai ta ɗan gusa. Ba alƙali kusa, ba wanda ya gani. Amma a wasan nan, in ji shi, ɗan wasa ne ke kai ƙarar kansa. Ya faɗa, aka ƙara masa bugu ɗaya a lissafi, ga shi mai ƙarancin bugu ne ke cin wasan, kuma da bugu ɗayan aka cinye shi. Mota ce kyautar.

Na tambayi Mama ko ta ji haushi. "Wata uku ban yi masa magana mai daɗi ba," ta ce. "Amma yau in rikicin iyakar gona ya tashi, Kirista ko Musulmi, shi ne suna kira."

Kawu ya zame daga benci ya durƙusa, ya nemi gafara. Ban taɓa ganinsa haka ba, sai da tausayi ya kama ni. Baba ya ɗago shi, ya ce ya yafe, amma akwai sharaɗi: duk wanda ya gaya wa waccan maganar, ya koma ya gaya masa wannan.

Da la'asar muka juyo. Na dawo da sanin cewa kofin da mutum ya rasa yakan fi waɗanda ya ci nauyi. Kawu kuwa bai jira mun iso gida ba. Muna wuce Hong ya ciro waya ya fara da babban amininsa, kuma har muka shiga Yola bai kai rabin mutanen ba.