Shi Ya Tafi Sunkani

Ranar da Alheri Bitrus ta tsaya a gaban teburina ta ce, "Ni ne," ba ta taɓa barin zuciyata ba, kuma labarinta nake so in ba ku, musamman ku da kuka kama aikin nan bayana. Kafin in fara, ya kamata in faɗi abin da na dogara a kansa. Akwai littafin da nake rubuta bayanai a ciki idan na fita unguwa, wanda har yanzu yana hannuna. Akwai kwafin fom ɗin da na cike da kaina. Sannan na zauna da shugabar sashenmu, Madam Rifkatu, mun bi labarin tare daga farko. A wuri guda muka saɓa: ni ina ganin ranar Talata ce, ita ta ce Laraba, kuma ruwan sama ya ɓata kan shafin da na rubuta kwanan wata. Abin da muka yarda a kai shi ne tsakiyar damina ce, a wata na uku da fara aikina. Sunayen mutane kuwa na sauya su.

A Zariya aka haife ni, a can na yi karatu har na gama jami'a, kuma Hausa na karanta. Na zo Jalingo wajen kawuna da ke da shagon yadi a unguwar Sarkin Dawaki, na sami aiki da wata ƙungiya mai tallafa wa masu ƙananan sana'o'i, a matsayin jami'in tattara bayanai. Matsayi ne na ƙasa, kuma sai mutum ya cika watannin gwaji kafin a tabbatar da shi.

A lokacin wani layi a unguwar Mayo Gwoi yana sauya kama. Inda da ake ganin fili da rumfunan kwano, sai ga shagon waya, ga kemis, ga gidan burodi, ga masu cire kuɗi ƙarƙashin lema, har da wani wurin shawarma mai gilashi a gaba. Masu filaye suka fara ba masu rumfuna wa'adi su tashi, domin kowa yana son ya gina shago ya ba da haya. Waɗanda abin ya fi shafa su ne masu abinci, tunda tukunya da murhu ba sa zama a kan tire a yi yawo da su. Don haka ƙungiyarmu ta gina jerin shaguna a ƙarshen layin, ta keɓe su ga mata masu sayar da abinci. Maza masu shayi da tsire su ma ana rubuta su, amma don horon tsafta kawai, ba su da rabo a shagunan.

Aikina shi ne in bi layin in cike wa kowa fom: suna, jinsi, irin abinci, da tsawon lokacin da mutum ya yi a wurin. Ƙa'idar ofis ta ce idan jami'i ya je sau biyu bai sami mai wuri ba, yana iya karɓar bayani daga maƙwabci na kusa, ya rubuta a ƙasa cewa ta bakin maƙwabci ne.

Akwai wata rumfa kusa da kwalbati da na je sau biyu na tarar an kife tukwane, an jingina turmi da bango. A zuwa na biyu na tambayi mai facin taya da ke gefe, wani dattijo ɗan ƙabilar Mumuye da ake kira Baba Sunday. Ga abin da ya ce, kamar yadda yake a littafina, domin al'adata ce in rubuta magana yadda ta fito:

"Wannan wurin Alheri ne, Alheri Bitrus. Shi ya tafi Sunkani, maman shi ba lafiya. Sakwara yana yi, da miyan agushi, da tuwon masara. Ya daɗe a nan, tun ba a yi kwalta ba. Abincin shi, ɗan ofis, in ka ci za ka manta da gidanku."

A inda na tashi ban taɓa haɗuwa da mai suna Alheri ba, don haka sunan bai nuna mini komai ba. Amma na ji "shi", na ji "ya", na ji "yana". Na sa alama a gidan "namiji", na rubuta "ta bakin maƙwabci", na yi wa Baba Sunday godiya na wuce. Na tuna har na ji daɗi cewa ban ƙara ko kalma ɗaya daga kaina ba.

Bayan mako biyu kwamitin rabo ya zauna, ya tace fom-fom, ya sa hannu, aka liƙa jerin sunaye a allon ƙofar ofis. Washegari da hantsi wata mata doguwa, mai kimanin shekara arba'in, ta shigo da jiƙaƙƙen gyale, ta tsaya a gabana.

"Malam, sannu da aiki. Na duba takarda sau uku, sunan Alheri Bitrus ba ya ciki."

Na buɗe fayil na duba. "Haka ne, baiwar Allah. Shagunan na mata ne. Ki gaya masa za a kira shi horon tsafta."

"In gaya wa wa?"

"Alheri Bitrus."

"Ni ne."

"Mijinki kike nufi?"

"Bitrus babana ne, ya rasu. Alheri ni ne." Ta dafa ƙirjinta. "Mai fili ya ce ƙarshen wata in kwashe tukunya. Na faɗa mishi ina jiran ofis. Yanzu ofis ya ce ni namiji ne?"

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta yi faɗa, ina jin da abin ya fi mini sauƙi. Na ba ta kujera, na ɗauki fom da littafina na shiga wajen Madam Rifkatu.

Madam Rifkatu 'yar Jukun ce, ta yi shekaru masu yawa a aikin gwamnati kafin ta zo ƙungiyar. Na yi mata bayani, na nuna mata shafin, ina mai cewa laifin na wanda ya ba ni bayani ne. Ta karanta, ta fashe da dariya har ta cire tabarau, sannan dariyar ta yanke.

"Mukhtar, ɗan Zariya. Da safe da na shigo, me maigadi ya ce?"

Na yi tunani. "Ya ce Madam ya zo."

"To, ni namiji ne?"

Wata uku ina jin wannan magana kullum. A raina nakan gyara ta in wuce, kamar yadda malami yake gyara rubutun ɗalibi. Ban taɓa tsayawa na lura cewa ga mutane da yawa a garin nan "ya" tana ɗaukar mace da namiji gaba ɗaya ba, kuma suna fahimtar juna sarai.

Ta bayyana mini inda matsalar take. Da zarar kwamiti ya sa hannu, ba a buɗe jerin sunaye sai da ɗayan dalili biyu: ko maƙwabci ya ba da bayanin ƙarya, ko jami'i ya yi kuskure. Idan na biyu ne, jami'in zai rubuta takarda da hannunsa, kuma za ta shiga fayil ɗinsa.

"Kana cikin gwaji," in ji ta. "In ka rubuta cewa maƙwabci ne, ba wanda zai je ya kama mai faci. Amma kwamiti zai ce a sake bincike, kuma bincike yana cin wata guda. In ka ce kai ne, Alhamis za su duba. Makullai kuwa ran Asabar za a raba. Ba zan zaɓa maka ba."

Na roƙi izinin in koma wajen Baba Sunday tukuna, domin ban so in rubuta abin da ban tabbatar ba. Na same shi yana tsoma tayar babur a cikin ruwa yana neman inda take yoyo.

"Baba, ranar nan ka ce mini Alheri namiji ne."

Ya saki tayar. "Ni? Yaushe? Alheri mace ne! Duk layin nan kowa ya san shi mace ne. Ya haihu uku!"

Masu jiran faci suka kwashe da dariya. Wani ɗan acaba ya ce, "Baba, bar shi, boko ya yi mishi yawa." Baba Sunday ya goge hannu a wando ya dube ni da kyau.

"Ka tambaye ni mace ko namiji?"

Na duba littafina, ko da yake na san amsar. Ban tambaya ba.

Da na koma ofis na rubuta takardar. Na yi ta sau uku kafin ta fito yadda nake so, domin a biyun farko na tarar ina cusa kalmomin da za su rage mini nauyi. Ta ƙarshe ta ce maƙwabci ya ba da bayani na gaskiya, jami'i ne ya ɗauki jinsi daga lafazin magana ba tare da ya tambaya ba.

Ran Alhamis aka kira ni gaban kwamiti. Shugabansa wani dattijon Bafulatani ne, Alhaji Buba. Ya sa aka karanta takardar, sannan ya ce in karanta maganar mai facin da bakina. Na karanta. Ya gyaɗa kai.

"Yaro, ni ma matata in ta yi Hausa, haka take yi. Shekara talatin ban taɓa ɗauka ƙato na aura ba." Aka yi dariya, har da ni. Sai ya juya ga sauran. "Amma waɗanda suka ga sunansu a allo, ba za mu cire ko ɗaya ba. Su ba su yi laifi ba."

Aka daɗe ana magana. A ƙarshe aka tuna da wani ɗaki a bayan jerin, wanda aka ware don ajiye kayan shara. Shi aka ba ta. Dole in faɗi gaskiyar abin: bisa daɗewarta a layin, Alheri ce ta kamata ta sami shago na farko, mai kallon titi. Wanda ta samu ya fi kowanne ƙanƙanta, kuma mai wucewa ba ya ganinsa. Ni kuma aka ƙara mini wata uku a kan gwajina.

Ran Asabar ta karɓi makulli. Bayan kwana biyu na je, na tarar ta kafa turminta a waje, ƙarar dakan sakwara tana kaiwa har bakin titi, kuma mutane suna bin ƙarar suna zagayowa baya. Baba Sunday yana zaune a benci da kwano a gabansa. Na ba ta haƙuri, na faɗa mata shagon da ya kamata ta samu, domin ban ga dalilin ɓoye mata ba. Ta ci gaba da juya miya.

"Na sani," ta ce. "Madam ya faɗa mini. Zauna ka ci, Malam. Mai yunwa zai same ni ko a baya ne."

Abin da na koya, wanda nake so ku riƙe, shi ne rubuta magana daidai ba ya nufin an fahimce ta. Na ɗauko kowace kalma ta Baba Sunday ba ragi ba ƙari, amma da kunnen Zariya na saurare ta, alhali a Jalingo aka faɗe ta. Hausar garin nan ita ce take haɗa Mumuye da Jukun da Fulani da mu a kan benci ɗaya, kuma tana yin aikinta. Shi ya sa yanzu a fom ɗinmu akwai layin da ke cewa a tambayi jinsi kai tsaye, ko da amsar tana kama da a fili take.

Saura abu ɗaya. A makon da ya biyo baya na fito da duk fom ɗin da na cike ta bakin maƙwabta, na bi su ɗaya bayan ɗaya da ƙafa. Duka na tabbatar da su, ban da guda. Sunan da ke kai Godiya ne, mai suyar doya da ƙwai kusa da gada, kuma na sa alama a gidan "namiji". Da na je na tarar an rushe rumfar, an fara jera bulo. Maƙwabcin da ya ba ni bayani shi ma ya tashi. Na tambayi magina, na tambayi mai lemar cire kuɗi da ke tsallake, wanda bai daɗe da zuwa ba. Abin da ya iya faɗa mini kawai shi ne ya ji an ce, "Ya tashi, ya koma ƙauye."

Fom ɗin yana cikin aljihun teburina. Godiya mace ce da na hana wa shago, ko kuwa namiji ne da na rubuta daidai? Har yau ban sani ba.