Kwamfutar da Na Sayo wa Malama

Abubuwa da yawa sun faru da ni waɗanda yanzu sai an tuna min nake tunawa. Amma ranin da na tashi sayo wa matata kwamfuta, ko tsufa ya ci ƙarfina ba na jin zai fita daga raina. Har yau in ya faɗo min sai in rasa dariya zan yi ko istigfari. Yawanci istigfarin ne yake rinjaye.

Ni manomi ne a wani ƙauye da ke bayan Gezawa. Da damina gero da dawa da gyaɗa, da rani kuma ina fadama wajen albasa. Bokona bai wuce firamare ba, ita ma da ƙyar. Matata kuwa 'yar gidan malamai ce, ta yi sauka tun kafin a ɗaura mana aure, ta kuma karanta littattafai a gaban mahaifinta. A tsakar gidanmu matan auren unguwa suke ɗaukar karatu, daga bayan azahar zuwa la'asar. Shi ya sa kowa Malama yake ce mata, har ni. A wannan tsakanin ba na leƙa gida. Namiji ba ya kutsawa inda matan mutane suke zaune, ko da gidansa ne. In ban tafi fadama ba, ina gindin darbejiyar masallaci.

To sai idonta ya fara rauni. Mun je asibiti, aka ba ta tabarau, ya taimaka a manyan rubutu. Alƙur'ani dama yana kanta. Amma littattafan fiƙihu da hadisi, masu ɗan siririn rubutun nan kamar an watsa riɗi, sun fi ƙarfinta. Wata safiya na same ta a rana ta matso da littafi har yana taɓa hancinta.

Ta ce, “Malam, in abin nan ya ci gaba a haka, karatun matan nan tsayawa zai yi. Ba zan biya wa mutane abin da ba na gani ba.”

Maganar ta zauna min. Ana nan sai na ga wani malamin makaranta a majalisa yana buɗa yatsu a kan wayarsa, rubutu yana ƙara girma. Ya ce a kwamfuta har ya fi haka, kuma ana zuba littattafai a ciki. Nan take na ƙulla a raina in na sayar da albasa zan sayo mata. Ban gaya mata ba. So nake sai dai ta gani kawai, yadda nake jin 'yan birni suna yi. Wannan ne kuskurena na farko, kuma daga shi sauran suka tsiro.

Ranar da na shiga birni, na ɗauki wani abokina direba, don ya ce duk kasuwar wayoyi da kwamfutoci a tafin hannunsa take. Muna shiga kaina ya juye. Ko'ina gilashi, ko'ina ƙara, wannan ya ja rigata, wancan ya kira ni Alhaji, ni da ko filin jirgi ban taɓa takawa ba. Muka faɗa wani shago, mai shagon ya jero min kaya. Ga masu buɗewa kamar faifan da aka naɗe biyu, ya ce su ne laftof. Ga wasu falan ɗaya, kamar allon ƙaramin yaro, ya ce su tablet ake kiran su. Ya shiga zuba bayani, wannan ram ɗinta kaza ne, waccan cikinta ya fi faɗi, wannan sabuwa ce, waccan ta ɗan sha hannu a ƙasar waje. Ina ta gyaɗa kai. Wallahi ko kalma ɗaya ban kama ba, amma na ƙi nunawa, don kada a ce baƙauye ya shigo.

Sai in faɗi gaskiya, mutumin nan bai cuce ni ba. Ya tambaye ni, “Alhaji, wa za a saya wa?”

Na ce, “Iyali.”

Ya ce, “Ma sha Allah. Me za ta riƙa yi da ita?”

Yaya zan tsaya a tsakiyar kasuwa, gaban samari, ina zayyana ciwon idon matata? A wajenmu ko sunan matarka ba ka kamawa a cikin maza, balle lalurarta. Sai na ce, “Aiki dai.”

Ya ce, “Wane iri? In rubuce-rubuce ne, laftof. In karatu ne kawai, ka ɗauki tablet, ta fi sauƙi, ta fi riƙe caji.”

Zuciyata ta ɗan karkata wajen tablet ɗin. Sai abokina ya kwashe da dariya. Ya ce, “Haba mutumina! Wannan ai waya ce aka taka ta baje. Ka shiga gari da ita, wa zai san kwamfuta ka sayo? Matar da duk unguwa ke ce wa Malama, ka kai mata abin wasan yara?”

Na ɗauki wannan, na ajiye, na ɗauki waccan. Muka fita muka zaga wasu shaguna, kowa da abin da yake yabo, muka dawo na fi da rikicewa. Daga ƙarshe, da na rasa ma'auni, sai na auna da abin da na sani. A kasuwar hatsi buhun da ya fi nauyi shi ya fi daraja. Na ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, na zaɓi wata baƙar laftof wadda ta fi kowacce girma da nauyi. Mai shagon ya ce a zuba mata wani abu a ciki? Abokina ya ce a cika ta. Ban tambayi da me za a cika ta ba.

Da na miƙa wa Malama, ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu, ta yi ta addu'a har na ji kunya. Kamar yadda aka saba in mace ta samu babbar kyauta, aka kira maƙwabta su gani su sa albarka. Gida ya cika da guɗa. Ni kuma washegari a ƙofar masallaci na baza baki. Na ce ai matsalar idon Malama ta ƙare, yanzu rubutu sai girman da ta ga dama. Har da nuna faɗinsa da hannu.

Da muka zauna zan nuna mata, na danna ta kama. Komai da Turanci. Ga wata 'yar kibiya mitsitsiya da ake kora da yatsa, ni mai lafiyar ido ma sai ta ɓace min. Na buɗe wani wuri, sai ga fim ya taso da kiɗa, na yi maza na rufe murfin. Littafi ko ɗaya ban gani ba. Maimakon in ce ban iya ba, sai na ce, “Ke da kika iya Larabci, wannan ba zai gagare ki ba. Ki riƙa taɓawa a hankali.” Kafin la'asar caji ya ƙare. Garinmu kuwa wuta sai dai a ga turaku. Na kai wa mai cajin waya da sola, ya karɓa yana ƙunƙuni wai tana shanye masa wuta. Daga nan aikin fadama ya taso, na bar zancen.

Lokaci-lokaci ina tambaya, “Malama, ya kwamfuta?” Sai ta ce, “Tana nan lafiya, Allah ya ƙara buɗi.” Ni kuma sai in ji daɗi in wuce.

An ɗauki makonni a haka. Wata rana ina dawowa daga fadama bayan azahar, sai na haɗu da wata dattijuwa, ƙawar mahaifiyata ce, kuma tana cikin ɗaliban Malama. Na durƙusa zan gaishe ta, ta katse ni.

“Riƙe gaisuwarka, ɗan nan. Kai ka hana ta, ko ita ce ta fi ƙarfinmu?”

Na ce, “Inna, hana wa? Me?”

“Au, tambayata kake? Da tsufana na fara gane farali da sunna, kun zo kun rufe mana karatu. Tunda akwatin nan ya shigo gidanku, yau a ce Malama ba ta jin daɗi, gobe a ce tana da uzuri, har muka daina zuwa. Wasu na cewa kallo take yi a ɗaki. Wasu na cewa kai ka ce matarka ta wuce zama da mu a tabarma. Ni dai na ce sai na ji daga bakinka.”

Karatu ya tsaya a gidana ban sani ba? Kallo kuma? Malama?

Ranar ce na fara shiga gida a lokacin da ba na shiga. Na yi sallama har sau uku, ba muryar kowa sai tata. Tsakar gida wayam, tabarmi a naɗe a jingine da bango, kaji suna kiwo a inda mata suke zama. Na shiga ɗakinta na ce, “Ina kwamfutar?” Ta nuna min da ido. Tana cikin kabad, a tsakiyar kwanukan jerenta na aure, an lulluɓe ta da farin ƙyalle mai aikin saƙa. Ko ƙura babu a kanta.

Na ce, “Malama, me ya sa kika sallami matan nan?”

Ta ce, “Ba na gani, Malam.”

“To ga abin da zai sa ki gani!”

“Na gwada. Kibiyar ba na ganin ta. Abin da yake ciki kuma ba na karatu ba ne. Ko da akwai, yaya zan ɗauki wannan in zaga kan mutane ina nuna musu layi?”

Na ce, “To me ya hana ki gaya musu idon ne? Kin san abin da ake faɗa a kanki?”

Ta ce, “Na sani. Amma ka riga ka faɗa a masallaci cewa ido ya warke. Mazajensu sun kai musu labari. In na ce ba haka ba ne, na ƙaryata ka a gari, kuma na nuna kyautarka ba ta yi amfani ba. Gara a ce ni ce.”

Na zauna a bakin gado. Ashe duk kwanakin nan da nake yawo ana ce min na iya riƙon iyali, ita tana nan tana karɓar zagi don ta rufa min asiri. Na so in yi faɗa, na rasa da wa zan yi. Abin da ya fito daga bakina kawai shi ne, “Ki yafe min. Me kike so a sayo?”

Ta ce, “Ban san sunayensu ba. Amma in za ka kai ni, idona zai zaɓa.”

Haka aka yi. Muka tafi tare, ta riƙo littafinta a cikin hijabi. A wannan karon na cije na gaya wa mai shagon gaskiya a gaban kowa, ƙasa kuma ba ta tsage ba. Ya ce, “Alhaji, ai da ka faɗa tun farko.” Ya karɓi laftof ɗin da ragi, ya jero mata tablet. Ta sa ya nemo irin littafin da ke hannunta ya zuba a cikinsu, ta riƙa ɗaukar kowacce tana buɗa yatsu, tana fita da ita bakin ƙofa ta gani a haske. Ta tsaya a kan wata 'yar madaidaiciya mai tabo a baya, wadda da ni ne ko kallonta ba zan yi ba. Sai na ji ta fara karanta wani layi a hankali, tiryan-tiryan, ba tsayawa. Ta ɗago ta ce, “Wannan.”

Da muka dawo, ni na je ƙofar masallaci na warware maganata da bakina. An yi min dariya, abokina direba ya fi kowa. Mata suka dawo da kaɗan-kaɗan, dattijuwar nan ce ta fara shimfiɗa tabarma. Akwai waɗanda ba su dawo ba har yau, kuma nauyinsu a wuyana nake jin sa.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne, amma ya ishe ni. Na je kasuwa da sunan matata, na sayo wa kaina abin da za a yabe ni da shi. Mace mai kunya kuma, in ka miƙa mata abu, godiya za ta yi ko da ya cuce ta. Don haka yanzu ko takalmi zan sayo mata, sai na zauna na tambaye ta tukuna, kuma ba na tashi sai ta gama magana.